Saurar Kawuna a bayan Shika: shekara goma sha ɗaya ana kokawa da fako

Wurin, da mai wurin

Wurin da zan ba da labarinsa saura ce, wato gonar da aka bari ta huta, tana kan tudu in ka wuce Shika ka nufi Giwa sai ka ratse ka yi tafiyar kamar minti ashirin a mashin. Eka huɗu ce da ɗan ɗoriya. Ta kawuna ce, yayan mahaifiyata, gado ya ci wajen kakanmu, kuma bazan faɗi sunansa ko na ƙauyen ba dan shi ya roƙe ni, wai baya son a riƙa zuwa ana ɗaukarsa hoto sai kace ɗan takara. Tsohon direba ne a wata ma'aikata, da ya yi ritaya ya koma kiwon awaki da tumaki, yana kuma kafa amya. Abu ɗaya da tuƙi ya bar masa shine ɗabi'ar rubutu, duk abin da ya faru sai ya sa a littafi da kwanan wata kamar yadda suke rubuta mai da kilomita a da. Duk wata shekara ko lissafi da za ka gani a nan daga littattafan nan nasa na kwaso.

Ƙasar jar ƙasa ce mai tsakuwa, ƙarƙashinta marmara, ga ɗan gangare wanda ido baya kamawa sai ranar da aka yi ruwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 aka daina nomata saboda ta gaji, ƙuduji ya gama da dawa. Da aka barta sai daji ya dawo da kansa, ba manyan itatuwa ba, irin ƙananan nan da da wuya su wuce tsayin mutum: kalgo, gwandar daji, tsada, ɗunɗu, gauɗe, taramniya, geza a gefen dutse, magarya ɗaiɗai, a tsakaninsu gamba da kyasuwa. Manya uku ne kacal, ɗorawa biyu da kaɗanya ɗaya. Muna yara in an kai mu hutu nan muke cika aljihu da tsada mu sha har haƙora su mutu.

Ga mai wucewa daji ne kawai, ga Kawu kuwa rumbu ne. Da rani in harawa ta ƙare ganyen nan da 'ya'yan kalgo ne ke riƙe awaki, furen wurin ne abincin ƙudan zumarsa, Inna matarsa nan take samun ƙirare da ɓawon kalgo na igiya.

Ƙasar Zazzau ba Sahel bace. Ruwan da ke sauka a Zariya yana kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, Agusta ne watan marka. Sauran watannin kuwa sai hunturu sai bazara, shuka ta ji da kanta.

2014 zuwa 2016: farkon lura

Abin da Kawu ya fara rubutawa ba mutuwar itace bane, jinkirin toho ne. A al'ada gwandar daji da taramniya da irinsu basa jiran ruwa, tun cikin bazara in iska ta fara canzawa za ka ga sabon ganye ya ɓullo, da ɗan danshin da ya rage a ƙasa da abin da saiwa ta ajiye suke yi. A bazarar 2014 ya ga tohon ya fito ƙanana, gefen ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta, wasu rassan ma basu yi tohon ba sam. Ya ɗauka abun shekara ne zai wuce.

A 2015 sai ya ƙirƙiro wata hanyar ƙidaya tasa. Akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa saurar, taku 200 tsayinta, sai ya riƙa bi yana ƙirga duk itacen da sandarsa ta iya taɓowa dama da hagu. Shekarar farko ya samu gwandar daji 23, tsada 9, gauɗe 6, kalgo 31, sabara 4. Ƙarshen damina ta 2016 ya sake bi: gwandar daji 17, tsada 5, gauɗe 4, kalgo 29, sabara 11, sannan ga tumfafiya guda 3 wadda da babu ita a wurin kwata-kwata. Wanda ya san daji ya san me wannan ke nufi. Sabara da tumfafiya 'yan ƙasar Katsina da Daura ne da can arewa inda ruwa ya fi ƙaranci, in ka gansu suna yawa a saurar Zazzau to ƙasar ta gaji ta kuma bushe.

Abu na biyu, fako. Tsakanin itatuwan inda da gamba ke rufewa sai ga fili tsirara yana faɗi, samansa ya yi ɓawo mai santsi kamar daɓe. Kawu ya samo guntun rodi yana sokawa washegarin ruwa. A kan fako danshin baya wuce yatsa biyu zuwa uku, a gindin kalgo inda busasshen ganye ya taru rodin kan shiga fiye da taƙi ɗaya. Ruwa ɗaya, sama ɗaya, tazarar taku biyar.

Da ya nuna min littafin lokacin ina karatu a Samaru, na ce Kawu ai ruwa bai ragu ba yadda kuke faɗa, manyan farin da aka sani na 1973 ne da na 1983 da 1984, daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo a yankinmu. Ya ce min yaro, ni ban ce sama ta yi rowa ba, cewa na yi ƙasa bata sha. Na je na ƙara tambaya na ƙara karatu, na tarar maganarsa ce a kan hanya.

Ga yadda abun yake. Iska in ta ƙara zafi ƙishirwarta ƙaruwa take, duk digiri 1 da aka ƙara tana iya ɗaukar tururin ruwa ƙarin kusan kashi 7 cikin 100, kuma daga ƙasa da ganye take zuƙo shi. Shi ganye yana da wasu ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ta nan yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abinci da ita a hasken rana, ta nan kuma ruwa ke fita. In iska ta yi zafi ta bushe sai itacen ya rufe ƙofofin dan kar ya ƙone, to in ya rufe ya daina girki kenan. A da sai tsakar rana yake rufewa, yanzu tun hantsi, kaga awannin cin abinci sun ragu, girma ya ragu, abin da zai ajiye a saiwa na tohon baɗi ya ragu. In kuma ya ƙi rufewa, ruwan da ke hawa ta siraran bututun cikin itace sai ya tsinke iska ta shiga, daidai yadda injin ban ruwa ke shan iska a fadamar Galma ya daina ja, sai dai shi reshe ba mai cika masa ruwa ya sake tayarwa, bushewa yake daga sama ya gangaro. Sabara ganyenta ƙarami ne toka-toka mai ɗan gashi, tumfafiya nata kamar an shafa masa kakin zuma, basa asarar ruwa da yawa. Gwandar daji ganyenta fal-fal. Ba sai an faɗa maka wa zai fara faɗuwa ba.

Sannan ruwan kansa salon zuwansa ya canza, masu bincike a yankin Sahel sun nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa lokaci ɗaya sun ƙaru tun daga shekarun 1980. A sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya cikin awa ɗaya sannan a ɗauke kwanaki. A kan fako irin wannan ruwan wucewa kawai yake, ya tafi da 'yar ƙasar saman ma.

2017: dashen leda

Matakin farko shine wanda kowa zai fara tunani, a dasa itace. Farkon Yuni Kawu ya sayo dashe 120 na leda a cikin gari, turare 50, darbejiya 30, kashu 20, gwaba 10, ɗorawa 10, aka yi haya aka kai, aka haƙa ramuka da diga dan fartanya bata iya wurin. An dasa bayan ruwa mai kyau. Kwana uku da dasawa ruwa ya ɗauke a wurin kusan sati biyu, abin da ba baƙo bane a farkon damina.

Dashen leda saiwarsa bata fi taƙi ba kuma a nannaɗe take cikin ledar, a inuwa aka rene shi ana ba shi ruwa safe da yamma, ka ɗauko shi ka sa a ramin da ƙasansa marmara ce samansa rana. Ƙarshen Oktoba 71 ne da rai. Hunturu ya zo, gara ta shiga, awaki suka shiga, ciki har da na Kawun kansa. Da aka ƙirga a Mayun 2018 saura 19, kusan duk turare da darbejiya. Ɗorawa ko ɗaya, gwaba ko ɗaya.

Wani abun da muka yi a shekarar, wanda sai daga baya muka gane, shine wajen share wurin ramuka mun sa an sare kututturan da ke toho da yawa aka tone wasu, wai ana gyara fili.

2018 zuwa 2019: jarka, waya, da wuta

Kawu ya ce to matsalar ruwa ce da dabba, bari a magance su. Ya sake sayen dashe 60, ya zagaye kamar rabin eka da waya mai ƙaya, ya ɗauki wani yaro mai kura yana kawo jarka goma sha biyu duk bayan kwana uku daga rijiyar ƙauye tun daga Nuwamba. Zuwa Fabrairu rijiyar ta ja baya, mata na kwana a layi, mai unguwa ya aiko da magana cikin ladabi cewa mutane basu sha ba itace bazai sha ba. Gaskiya ce kuma ba mai ja. Aka rage zuwa sau ɗaya a sati, a Maris aka daina. Itacen da aka saba wa ɗan ruwa a sama a sama saiwarsa bata nutsawa, tana nan tana jiran jarka, da jarka ta daina zuwa a tsakiyar bazara suka bi 'yan uwansu. 14 suka tsira.

Wayar kuma ta jawo abin da ba a zata ba. Da yake dabba bata shiga, ciyawa ta yi tsayi a ciki da damina ta 2019 ta bushe a tsaye, a watan Disamba wuta ta taso daga makwabta, ko 'yan farautar gafiya ne ko mai sigari Allah masani, ta tarar da abinci a tare. Wutar ƙarshen shekara in ciyawa ta bushe ƙayau ba irin ta farkon kaka bace mai lasar sama ta wuce. Ta cinye dashen da suka rage a cikin wayar, ta ƙone amya huɗu, ta gasa ƙananan tsada har ƙasa. Bayan sati biyu kuma aka wayi gari an kwance rabin wayar an yi gaba da ita.

A littafin ranar layi ɗaya ya rubuta, aikin baban giwa. Ƙidayar hanyar taku 200 a ƙarshen 2019: gwandar daji 9, tsada 1, gauɗe 2, kalgo 24, sabara 19, tumfafiya 8.

2020: shekarar kulle da rabin wata

Ƙarshen Maris na 2020 aka rufe jihar Kaduna saboda korona, makarantu a kulle, ga malaman jami'a na yajin aiki, samari sun cika ƙauye ba aikin fari ba na baƙi. Ni ma can na koma. A lokacin ne wani bawan Allah ɗan Nijar mai gyaran rijiya da kullen ya rutsa da shi a ƙauyen ya bi Kawu saurar, ya duba ya duba ya ce Alhaji ai irin wannan ƙasar a wajenmu ba itace ake fara ba ta ba, ruwa ake fara tare mata. Ya zana a ƙasa da yatsa: rami mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka tono a jera ta a bayansa ta zama kunya. A ƙasar Tawa da wajen Illela sun daɗe suna yinsa tare da ƙananan ramukan da suke kira tassa, irin wanda wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya yi suna da shi a Yatenga ta Burkina Faso inda suke ce masa zai.

Afrilu da Mayu muka yi muna haƙa, mu takwas, da diga da shebur da baro ɗaya. Kowane rabin wata faɗinsa kamar mita 3, zurfi taƙi ɗaya, ana jera su a saɓe yadda ruwan da ya tsallake ɗaya zai faɗa na ƙasansa. A kowanne Kawu ya zuba kwano biyu na kashin awaki ya rufe da busasshen ganye da kara. Mun gama 85 kafin ruwa ya zauna, sun rufe kamar eka ɗaya da kwata, inda fakon ya fi muni. Marmara ba wasa bace, a rana mutum ɗaya in ya yi biyu ya yi ƙoƙari, tafin hannuna sai da ya yi kanta.

Ba duka suka yi ba. Da ido muka auna gangaren kuma ido ya yaudare mu, kusan 20 sun karkace, da marka ta zo a Agusta ruwa ya taru a kusurwa ɗaya ya fasa kunyar ya yi hanya, ƙaramin kwazazzabo ya fara. Sai wani magini ya kawo farin tiyon nan da suke daidaita gini da shi, a cika shi da ruwa mutum biyu su riƙe bakin, inda ruwan ya tsaya daidai nan ne layi. Da shi muka gyara, muka kuma jera duwatsu a bayan kunyoyin da ruwa ya fi bugu.

Rodin Kawu a Satumba: cikin rabin wata yana shiga kamu guda, a fakon da ba a taɓa ba yatsa uku kamar da. Gara da muke zagi a 2017 ita ce ta zo cin kara da taki ta huda ɓawon ƙasar ta yi wa ruwa ƙofofi. Kyasuwa da tafasa suka fara fitowa, ba wanda ya shuka su.

2021 zuwa 2022: kututture, da zama da Ardo

Abin da ya fi ba mu mamaki a daminar 2021 ba ciyawa bane. A gefen ramukan, wuraren da muka ɗauka ba komai, sai ga toho yana fitowa daga tsofaffin kututtura da saiwoyin da ke binne, kalgo da taramniya da ɗunɗu da gwandar daji, har da wasu daga cikin waɗanda muka sare a 2017. Ashe basu mutu ba, saman ne ya mutu. Irin waɗannan itatuwan rabin jikinsu ko fiye a ƙasa yake, saiwa mai shekaru ta riga ta sami tsaga a marmara ta nutsa inda dashen leda bazai kai ba ko a shekara biyar.

Nan ma dabarar daga Nijar ta zo, abin da suke kira sassabin zamani. A Maraɗi aka fara yaɗa shi wajen 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ne ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara itatuwa ne masu rai a ƙasa, kuma an ƙiyasta hanyar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar. Aikin ba wuya: kututture in ya fito da tsiro goma ko ashirin duk suna rabon ruwa ɗaya ba wanda zai girma, sai ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi ka bari, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama kar ɓawon ya yage, ka rage ƙananan rassan gindi. Abin da ka yanke awaki su ci ganyen, Inna ta ɗauki ƙiraren, sauran a shimfiɗa a gindin ya rufe ƙasa. Kawu ya gyara kututture 140 a shekarar, yana ɗaura wa kowanne tsumma ja dan masu itace su san da mai shi.

Sabara ma da yake ta tsana da farko kamar ita ta kori tsadarsa, ya daina sare ta. Na gaya masa binciken da aka yi a Senegal a kan sabara da kalgo, inda aka gano da daddare saiwarsu ta ƙasa na jawo ruwa daga zurfi ta saki kaɗan a ƙasar sama, har geron da ke kusa da su yana amfana lokacin fari. Ya ce shi dai abin da ya gani duk inda sabara take ƙasa da ganye na taruwa a gindinta, kuma ƙananan tsiro a inuwarta suke fara fitowa.

Maganar dabba kuma ba a sake sayen waya ba. Kawu ya ɗauki goro ya tafi rugar da ke kusa shi da mai unguwa, suka zauna da Ardo. Abin da aka daidaita: daga faɗuwar ruwa zuwa ƙarshen kaka shanu bazasu shiga ɓangaren ramuka ba, ɗaya ɓangaren da ke jikin burtali a buɗe yake, in kaka ta yi kuma yaran ruga su zo su yanki ciyawar cikin ramukan kyauta. Wannan yankan ciyawar ya kashe tsuntsu biyu, su sun samu abincin shanu, wuta kuma ta rasa abin ci. Aka ƙara da share layi mai faɗin taku shida a kewayen saurar duk Nuwamba. An sami saɓani sau biyu, sau ɗaya wani yaro ya bar shanu suka tattake kunyoyi shida, Ardo da kansa ya turo aka gyara.

Daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da yawa na ƙasar nan, ita ce gwajin kunyoyin. Huɗu suka fashe cikin 130 da ake da su a lokacin.

2023 zuwa 2024: gatari da zafin azumi

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, aka koma itace da gawayi. Saurar da ta fara yin kyau ta zama abin kallo. Cikin dare biyu a watan Disamba aka sare taramniya da kalgo 26 daga cikin masu jan tsumma. Kawu bai kai ƙara ba, sai ya sanar a masallaci cewa duk ranar da zai yi sassabe, sau biyu a shekara, matan unguwa su zo su kwashi abin da aka yanke. Satar bata ƙare ba amma ta ragu, dan yanzu akwai masu ido a wurin ban da shi. Waɗanda aka sare ɗin ma daminar da ta biyo sun sake toho, tunda gatarin bai kai saiwa ba.

Sai azumin 2024, Maris zuwa Afrilu, wanda duk wanda ya yi shi a arewa bazai manta ba. A Kayes ta ƙasar Mali an auna digiri 48.5 a farkon Afrilu, kuma hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tunda aka fara ajiye lissafi. A saurar Kawu bambancin ya fito ƙarara. Ɓangaren burtali inda ba ramuka, gwandar daji biyu da suka rage sun bushe daga sama har ƙasa, kalgo ya zubar da ganye ya yi jinkirin toho. Ɓangaren ramuka ma ganye ya ƙone a gefe, amma toho ya fito kafin ruwa, kuma Kawu bai rubuta mutuwar ko ɗaya cikin masu tsumma ba. Ranar wata Laraba da azahar ya sa ni na taka fako da ƙafa ba takalmi sannan na tura ƙafar ƙarƙashin ganyen da aka shimfiɗa a gindin kalgo, ɗaya kamar tanda ɗaya kamar ɗakin ƙasa.

2025: inda aka tsaya, da yadda nake ganin abun

Ƙidayar hanyar taku 200 a ƙarshen daminar 2025: kalgo 38, sabara 22, gwandar daji 12, taramniya da ɗunɗu sun yi yawan da ya daina ƙirga su, tumfafiya 5, gauɗe 2, tsada babu. Wasu kalgon sun fi Kawu tsayi. Turare 9 da darbejiya 6 ne suka rage cikin dashe 180 da aka saya. Amya ta koma tara. Harawar da yake saye da rani ta ragu da kusan rabi a lissafinsa.

Nawa ganin, kuɗin da aka kashe a 2017 zuwa 2019 an kashe su ne a kan tambayar da ba ita bace. Mun ɗauka itace ne ya ƙare, alhali itacen na nan a binne, ruwan ne baya isa gare shi, wanda ya isa kuma zafi na kwashewa da wuri. Ramin ya sa ruwan ya tsaya ya nutse, ganyen da aka shimfiɗa ya hana rana zuƙe shi, rage tsiro ya sa ɗan abin da ke akwai ya tafi ga rassa kaɗan, tsohuwar saiwa ta yi sauran. Kuma da ba a zauna da Ardo da matan unguwa ba da duk wannan wuta da gatari sun maida shi baya cikin rani ɗaya, na fi ba zaman nan maki a kan digar da muka sha wahalarta.

Bazan ɗora wa zafi laifin duka ba. Gatari da kiwo da wuta da noman da ya gajiyar da ƙasar tun farko duk da hannunsu, kuma a fili ɗaya ba yadda za ka raba ka ce wannan kason na wane ne. Abin da zafi da bushewar iska suka yi shine sun rage wa wurin ƙarfin murmurewa, saran da a da itace zai shanye ya dawo cikin damina ɗaya yanzu sai ya kwantar da shi. Sannan dajin da ya dawo ba shine na yarintarmu ba, ya fi kama da na wajen Funtuwa zuwa sama, masu jure ƙishi sun yi yawa masu faɗin ganye sun ja baya, kuma rami baya rage zafin iska ko da digiri ɗaya. Aikin ma ba arha bane in ba a sami samari a zaune kamar na shekarar kulle ba, sauran eka biyun har yau ba a haƙa ba saboda kuɗin lebura.

Tsada ce ta tsaya wa Kawu a rai. A 2024 ya sa aka samo masa 'ya'yanta daga wani daji can kudu da Zariya, ya binne ƙwallo 30 a cikin ramuka, a inuwar kalgo da sabara, ba leda ba jarka. Bakwai suka tsiro, biyu suka ga ƙarshen bazara. Ya kifa wa kowacce tsohuwar taya saboda awaki, babbar cikinsu da ya auna ran 4 ga Oktoba taƙi ɗaya ce da yatsa biyu.